Kaskon da Na Ɗauka Har Maraɗi

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A rumfar inji, a ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, kowa ya gan ni sai "Isiyaku, yaya Nijar?" kamar biki na je. Wanda bai ko leƙo gidana ba lokacin da matata take kwance, yau shi ne kan gaba wajen son jin labari. To na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta sau ɗaya, da ɗan bokon da na tsinta kafin a cire ni daga aji biyu na sakandare a mayar da ni gona. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya riƙe abinsa, ba jarrabawa na zauna ba.

Saboda wanda bai san ni ba, ni mai injin casar masara ne a wani ƙauye bayan Kafur. Matata Asabe, shekara ashirin da huɗu muna tare. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A wani ɗan madafi take suya, wanda ni na gina mata da hannuna, ƙofa ɗaya, babu taga, wai don kada iska ta riƙa cinye mata wuta. Makamashinta totuwar masara ce, da nake tara mata buhu-buhu daga bakin inji. Ta daɗe tana tari. Muka ce tarin masu suya ne, wace mai ƙuli ce ba ta tari?

Da daminar nan, ana tsakiyar marka, abin ya canza. Zazzaɓi ya rufe ta, kakin da take tofarwa ya koma kore kamar miyar kuka, in ta ja numfashi sai ta dafe haƙarƙari. Duk wanda ya shigo dubiya magana ɗaya yake yi: sanyi ne ya shige ta. Ni ma haka na ce. Na je kemis na karɓo kafso, ta sha kwana biyu, ta ɗan ji dama, muka ajiye sauran. Ciwo ya dawo, muka sake. Sau uku muna wannan wasan.

Tunda sanyi ne, maganinsa zafi. Na ɗauko wani kaskon ƙarfe, na toshe tagar ɗakinta da buhu, na rataya bargo a ƙofa, na riƙa hura mata gawayi da totuwa safe da yamma. In na hura sai ta yi luf, ido a rufe. Sai in fito ina gaya wa mutane, "Ta samu barci."

Za ku ce ai ga asibiti nan a Malumfashi. Na sani. Can na kai mahaifina da ƙafarsa, na dawo da shi a naɗe. Ba laifinsu ba ne, tsoho ne kuma mun kai shi a makare, amma zuciya ba ta jin wannan karatun. Ranar na rantse ba ni ba ƙofar nan. Shi ya sa da Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyar Asabe da ke aure a Maraɗi, ta bugo waya ta ji yadda Asabe take numfashi ta ce, "Ka kawo mini ita, akwai wadda ta san aikin ƙirji a nan," ban yi musu ba. Gaskiyar magana, ba ƙwarewar likitar ce ta ja ni ba. Na samu hanyar da zan kai ta asibiti ban karya rantsuwata ba, shi ke nan.

Ranar Talata da sassafe wani abokina ya ɗauke mu a a-kori-kurarsa zuwa Malumfashi. Kayanmu jaka ɗaya, bargo biyu, rabin buhun gawayi, da kaskon. Muna wucewa ta gaban asibitin Asabe ta juya ta kalli ƙofar har muka sha kwana. Ni kuwa na yi kamar ina duba taya.

A tasha ɗan kamasho ya ɗaga kaskon sama yana nuna wa jama'a.

"Malam, tsire za a je sayarwa Katsina?"

Na ce, "Ubanka zan gasa. Sa mini a but."

Aka yi dariya, aka sa. Motar ƙarama ce, an yi ta don mutum biyar, muka shiga mu takwas. Na sa Asabe a tsakiya don kada iska ta taɓa ta, na naɗe ta da bargo har wuya. A bakin taga wata tsohuwar Bafulatana ce da ƙwaryarta a cinya. Ruwa ya tsuge tun kafin mu fita gari. Na ce kowa ya ɗaga gilashi, akwai mara lafiya.

Ba mu kai Dayi ba motar ta zama tukunya. Warin fetur, warin jiƙaƙƙun kaya, numfashin mutum takwas. Asabe ta fara wani irin shaƙa, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka, hancinta na buɗewa. Tsohuwar ta kalle ta, ta kalle ni, ta murɗa gilashi ƙasa.

Na ce, "Baba, rufe. Sanyi ke damunta."

Ta ce, "Ɗan nan, ko saniya in tana haki ba a tusa kanta a buhu."

"Matata ce ba saniya ba. Rufe!"

"To ka tambaye ta mana, ai tana da baki."

Na juya wajen Asabe. Ta ɗan karkata fuska wajen iskar, ruwa na feso mata, amma da ta ga ina kallonta sai ta ce, "A rufe, Malam ya fi sani." Tsohuwar ta ja tsaki ta rufe rabi, ta bar rabi, ta ɗora gwiwar hannu a kai. Ban iya kokawa da sa'ar uwata ba, na haɗiye.

Gaba da Dayi kaɗan muka tarar da motoci jere a gefen titi. Kun san abin da wannan ke nufi a ƙasarmu yanzu, ba sai na faɗa ba. Direba ya kashe mota. Wani mai babur ya ce an ga wasu mutane sun tsallaka titi a gaba, ba a san ko su wane ne ba. Babu motar da ke zuwa daga can. Kowa ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan rufin mota da ƙarar ƙirjin Asabe, kurr, kurr, kamar injina in totuwa ta maƙale masa. Wani fasinja ya ce a juya. Direba ya ce shi ba gaba ba baya sai ya ga mota ta fito. Ni kuwa lissafin da nake, in aka ce a gudu daji, wannan matar ko taku goma ba za ta yi ba, ni kuma ba zan iya goya ta in yi nisa ba. Na riƙe hannunta a ƙarƙashin bargo, zafi kamar an ciro dutse daga murhu. Mun fi awa guda a haka. Can sai ga wata babbar mota ta taho tana kunna fitila tana kashewa, yaron motar na ɗaga hannu alamar hanya lafiya. Waɗanda suka tsallaka titin makiyaya ne ashe da shanunsu. Tsohuwar ta ce, "Kun ji ko, mu ne dodon."

A Katsina muka canza mota zuwa Jibiya. Na saya wa Asabe shayi da burodi, ta kurɓa sau biyu ta ture. Daga Jibiya zuwa bakin iyaka ba nisa. Ɓangarenmu muka wuce. A ɓangarensu wani jandarma dogo, baƙi, fuska ba wasa, ya ce kowa ya sauko da kayansa. Saukowar nan da 'yar tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa rijiyar masallaci ba, su suka ƙarasa Asabe. Tari ya sarƙe ta, ta durƙusa. Jandarman ya ja da baya, ya ce ta koma gefe guda, ya miƙo mata ƙyallen rufe hanci. Na ce shi ke nan, zai ce tarin fuka ne ya mayar da mu.

Ya duba katinmu, ya buɗe jaka, ya taɓa kaskon da ƙafa.

"Wanga fa?"

Na ce, "Maganinta ne."

Ya kalle ni kamar bai ji Hausar ba. Ya kalli Asabe. Sai ya ce, "Mushe, matarka ba ta da lahiya ƙwarai. Kada ka tsaya ko'ina." Mushe ɗin nan shi ne malam a bakinsu. Da kansa ya tsayar da wata mota, ya sa aka ba ta gidan gaba. Na shirya faɗa, na rasa abokin yi. Har yanzu abin yana ba ni haushi.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. Gari ne na Hausawa kamar mu, amma Hausarsu sai ka kasa kunne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, in ka yi wasa ya yanke maka dasashi. Fura a wurinsu ba abin sha ba ce, abinci ce, mutum ya sha ya tashi ya ce ya ci rana. In rana ta take kuma sai ka ga an rufe kantuna an kwanta, ko da ciniki a bakin ƙofa. Na ce da a Funtua ne da maƙwabcinka ya kwashe kasuwar kafin ka farka.

Inna Hajo mace ce gajera, kakkaura, mai murya kamar ta maza. Tana ganin Asabe ta saki salati. Ta ce asibitin yana bayan gari, masu ba da kati sun tashi, sai da safe. Ta shimfiɗa mata katifa a baranda, fili fetal, ta ɗaura gidan sauro, ta jingina ta da matasai. Na ce, "Inna, a waje? Da wannan sanyin?" Ta ce, "Nan gidana ne. Tahi zaure ka kwanta." Suruka ce, na tafi zauren.

Da gari ya waye an yi yayyafi, iska na kaɗawa. Inna ta fita neman mai a-daidaita da zai kai mu. Na leƙo na ga Asabe na rawar ɗari. Raina ya ɓaci. Na ce wannan tsohuwar za ta kashe mini mata da taurin kai. Na tallafe ta na kai ta wani ɗan ɗaki a gefe, na ja ƙofa, na cusa bargo a tagar, na hura kaskona. Gawayin ya sha danshi a hanya, sai hayaƙi yake. Na yi ta fifita har ya kama. Ba a jima ba ta yi luf. Na fito na ja ƙofa na zauna a bakin ɗaki, kaina na ɗan sarawa, ina jin na yi abin kirki.

Inna ta shigo, ta ga katifa babu kowa, ta ja hanci.

"Ina ɗiyata?"

Na ce, "Tana ciki, ta samu barci."

Ban taɓa ganin mai jiki irin nata ta yi gudu haka ba. Ta banke ƙofa, hayaƙi ya bugo ta. "Asabe! Asabe!" Shiru. Ta kamo ta ta hammata ta jawo ta tsakar gida a ƙasa, kanta na lilo. Ta koma ta suri kaskon da gefen zaninta ta wurgo shi waje, garwashi ya watse cikin ruwa yana cuu. Ta yi ta marin kumatunta tana kiran sunanta. Ni ina tsaye kamar an dasa ni. Ban san tsawon lokacin ba. A wurina shekara ce. Can Asabe ta ja wani dogon numfashi, ta yi tari, ta yi amai, ta buɗe ido.

Inna ta ɗago ta dube ni. Ta ajiye surukuta gefe.

"Kai, kashe ta ka zo yi gidana? Can ba ku da maƙabarta?"

Na ce, "Inna, sanyi..."

"Rufe mini baki! Ɗauke ta ku tahi, ga mai keke can. In haɗa tabarma da abinci in biyo ku."

A hanya iska ta ɗan dawo da ita, har ta iya takawa tana dafa ni. Na zaunar da ita a wani benci na nufi tagar masu kati. Na ce wa mutumin, "Ina likita?" Ya ce, "Ai kana cikin likita." Na ce ba wasa na zo yi ba. Ashe su asibitin ne suke kira likita, mai duba mutane kuma lokotoro. Ya ce wa za a duba, na ce matata. Ya ce, "Mi ke damunta?"

Na ce, "Sanyi."

Sai ya rage murya, ya sunkuyar da kai, ya rubuta, ya miƙo kati, ya nuna mini wani gini a hagu. Na ce a raina mutanen nan akwai ladabi. A ƙofar ginin wata mata ta karɓi Asabe ta ce maza ba sa shiga. Na koma gindin wata bishiya na zauna, ina cewa yanzu haka ana mata allura.

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane, ni ne ban gane ba. Mu Hausawa kalma ɗaya muke jibga wa kaya uku. Ciwon gaɓoɓi sanyi, ciwon ƙirji sanyi, ciwon da ke kama mata ta ƙasa shi ma sanyi. Mutumin bai ga Asabe ba, ni ya gani, namiji ya zo yana cewa matarsa na da sanyi. Ya tura ta layin mata. Ita kuwa Asabe, in ka ajiye ta a layi, ko rai zai fita ba za ta tsallake na gabanta ba.

Kusan awa biyu ina zaune. Sai ga Inna da kaya niƙi-niƙi. Ta ce tana ina, na nuna ginin. Ta ce, "Can? Mi ka ce musu?" Na faɗa. Ta zubar da kayan a wurin ta shige. Ihunta na fara ji. Sai ga ma'aikata biyu sun turo Asabe a kan gado mai taya da gudu, kanta ya faɗa gefe, leɓunanta sun yi baƙi-baƙi kamar ta sha ɗinya. Na bi su. Wannan karon ba wanda ya tsaya hana ni.

Suka maƙala mata wani abu kamar ɗan maƙalin shanya a yatsa, wata lamba ta fito, ma'aikaciyar ta kalli 'yar'uwarta ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Suka rufe mata hanci da baki da roba mai tiyo, iska na shiga tana huci, suka ɗaura ruwa, suka zuba allura a ciki. Lokotoron ta zo, mace ce siririya da tabarau, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Ta sa abin sauraro a bayan Asabe ta daɗe. Na ce, "Za ta tashi?" Ta ce, "Ban sani ba tukuna." Na so a ce ta yi mini ƙarya.

Masu jinya a wata doguwar rumfa suke kwana, kowa da tabarmarsa. Maƙwabcina wani Buzu ne mai rawani, ɗan'uwansa ya kawo. Ba ya jin Hausa sosai, ni ba na jin nasu. Kullum zai fita fili ya hura 'yar wutarsa, ya dafa shayi a ɗan buta, ya miƙo mini a ɗan kofin da bai fi kurɓa biyu ba, sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi. Bai taɓa tambayata komai ba. Ku da kuke da Hausa a baki, da kun koyi wannan.

Kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba. Rana ta uku lokotoron ta kira ni ofis, ta ɗaga hoton ƙirjin a jikin fitila. Ƙasan ɓangaren dama ya yi fari fat. Ta ce gwajin kaki ya fito, ba tarin fuka ba ne, wasu ƙwayoyin cuta ne, kuma maganin da aka fara ba su ji shi ba, ta canza wani. Ta ce me ta sha a gida. Na faɗi kafso, kwana biyu-biyu, sau uku.

Ta ce, "Ka kashe raunanan, ka bar ƙarfafan, ka kuma koya musu yadda maganin yake. Mine ne aikinka?"

Na ce injin casa.

"In ka bar ƙarfen injinka cikin danshi shekara da shekaru, mi zai same shi?"

"Tsatsa."

Ta ce to huhu ma yana da irin tasa tsatsar. Hayaƙi yana ɗauke da wasu abubuwa masu cin nama a hankali yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki yana da abin da yake goge su da shi, amma in hayaƙin kullum ne, shekara ashirin, sai ya fi ƙarfinsa. Inda ya ci, jiki sai ya turo dakarunsa, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya cika da majina, hanyar iska ta matse. Su dakarun kuma garin faɗa suna zubar da irin wannan abu mai ci, su ƙara ɓarna, kamar a turo 'yan banga korar ɓarawo su tattake shuka. Sannan 'yan gashin da ke share hanyar iska sun ƙone, majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su samu gida. Su kuma su sake tayar da kumburin. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Na ce, "To sanyin fa?"

Ta ce, "Rawar ɗarin da ka gani zazzaɓi ne. Ba sanyi ya shige ta ba, hayaƙi ne. Innarta ta gaya mini zancen kasko."

Na ce, don in kare kaina, "Amma in na hura tana samun barci."

Ta cire tabarau. "Ba barci ba ne, Mushe. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba a gani, ba a jin warinta, tana hana jini ɗaukar iska mai kyau. Suma ce take farawa. Kullum ka hura, kana kai ta bakin kabari kana dawo da ita."

Ban san yadda na fito daga ofishin ba. Na je bayan rumfa na zauna a ƙasa. Buzun ya zo ya ajiye mini shayi a gefe ya tafi.

Ranar Asabe ba ta gane ni ba sam. Tana ta kiran sunan mahaifiyarta da ta rasu. Inna na gefe tana jan carbi, ba ta ko kallona. Washegari da hantsi na shiga na tarar zanin gadon ya jiƙe sharkaf da gumi, goshinta ya yi sanyi. Na tsorata, na ɗauka sanyin ƙarshe ne. Sai ta buɗe ido ta ja robar gefe ta ce, "Malam, wa ke ba kajina ruwa?"

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ranar sallama lokotoron ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce ƙwayoyin cutar an ci ƙarfinsu, amma inda tsatsa ta ci ya ciwu, ba zai dawo sabo ba, sai dai a hana ta gaba. Ta ba da ƙwayoyi ta ce a shanye su tas ko ta ji garau, da wani abin shaƙa, ta ce ba ita ba hayaƙi. Ta rubuta takarda ta ce a kai asibiti mafi kusa da mu su ci gaba da dubawa. Ta ce, "Garinku ba likita?"

Na ce akwai, a Malumfashi.

"Kun je?"

Na ce ba mu je ba.

Ta ce, "Abin da na yi nan, da sun yi shi tun wata guda da ya wuce, da sauƙi."

Kaza ta kwana kan dami ke nan, kuma ba rashin sani ba ne, taurin kai ne.

Da za mu taho Inna ta cusa kaskon cikin jakata da hannunta, ya lotse gefe ɗaya. Ta ce, "Tahi da abinka, kada ya kashe mini wani." A motar dawowa ni na zaunar da Asabe bakin taga, ni na sauke gilashin. Mun wuce garin Gidan Mutum Ɗaya, mun kama hanyar gida, sauran fasinja na gyangyaɗi, na kasa riƙe abin da ke cina.

Na ce, "Ke, duk lokacin da nake hura wutar nan, ba kya jin tana cutar da ke?"

Ta ce, "Ina ji. Kaina kamar zai tsage, ƙirjina kamar an ɗora dutse."

"To don me ba ki faɗa ba? Bakinki ciwo yake?"

Ta juya fuska wajen gonakin dawa. Sannan ta ce, a hankali don numfashin bai gama dawowa ba, "Malam, shekara ashirin da huɗu ni ke hura maka wuta. Ban taɓa ganin ka durƙusa kana fifita wuta saboda ni ba sai wannan karon. Sai in ce ka kashe?"

Har yau ban samo amsar da zan ba ta ba.

Ba gida muka fara sauka ba. A ƙofar asibitin Malumfashi na ce direba ya tsaya, na shiga da ƙafata da takardar a hannu. Rantsuwar kuwa na tambayi liman, na yi kaffararta. Da mai kati ya ce me ke damunta, na ce ƙirji, huhu, numfashi, na nuna da hannu har ya ce ya isa haka.

Ku da kuka wuce ta bayan gidana kuka ga na fasa bangon madafi gida biyu, na ɓalle buhun da ke tagar ɗaki, kuna cewa Isiyaku ya je Nijar ya dawo da taɓin hankali, yanzu kun ji dalili. Suyar ƙuli ta koma hannun matar ƙanena, a fili, ƙarƙashin rumfa, Asabe na daga nesa a kujera tana ba da umarni. Har yanzu in ta je rijiya sai ta tsaya sau biyu a hanya. Wannan aikina ne, ba na sanyi ba.

Kaskon yana nan a tsakar gida. Kajinta ke shan ruwa a ciki, kuma ni nake zubawa.